Saman kantar kicin: wanne ne zai jure gidan da ba a sauke tukunya?

Maman_Ikram
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Za mu gyara kicin, kafinta ya gama auna kabad, saura abin da za a shimfiɗa a sama. Gidanmu ba ya rabo da girki, ga yara, ga baƙi, kuma ba ni kaɗai ke shiga kicin ɗin ba. Wanda muke da shi yanzu fomeka ce, ta kumbura a bakin sinki har tana ɓarewa. Mai aikin ya kawo mini samfur uku: giranit, mabul, da wani da ya kira kwaz. Ni dai idona ya faɗa kan farin mabul ɗin nan mai jijiyoyi ruwan toka. Waɗanda suka yi amfani da su, wanne ya fi jure wahala? Ba na son abin da zan riƙa lallaɓawa kamar ƙwai.

Ummu_Sadiq
Wa alaikumus salam. Giranit, 'yar'uwa. Rufe ido ki ɗauka. Nawa tun yarana suna rarrafe aka sa shi, yau babbar ta isa girki, ko tabo ɗaya babu. Daga wuta nake sauke tukunya a kansa kai tsaye.

Anti_Zee
Mabul a gidan yara? Ki rufa wa kanki asiri. Ƙanwata ta sa, kyau kam ba a magana, amma wata ɗaya bai cika ba aka yanka lemon tsami aka manta ɓarin a kife. Da safe sai ga zagaye dishi-dishi, an goge an goge ya ƙi fita.

Mai_Dutse
Hajiya Maman Ikram, sana'ata ce yanka dutse da girka shi, bari in faɗi abin da na sani. Abin da ya sami mabul ɗin ƙanwar Anti Zee ba tabo ba ne, shi ya sa gogewa ba ta fitar da shi. Mabul asalinsa dutsen farar ƙasa ne, sinadarinsa kalsiyam kabonet, kuma duk abu mai tsami yana cin sa. Lemo, ruwan khal, tumatir, har wasu sabulan wanke banɗaki. Tsamin ya narkar da sheƙin wurin ne, sai an kawo inji an sake goge fuskar. Man da muke shafa wa dutse don toshe ƙofofinsa ba ya hana wannan, shi aikinsa rage shan ruwa da mai ne kawai.

Sannan ga laushi. Akwai ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, daga 1 zuwa 10, daimon ne na 10. Mabul yana wajen 3, giranit 6 zuwa 7. Ƙarfen wuƙa ya fi mabul tauri, ya kasa giranit. Kin ga lissafin ya fito da kansa.

Maman_Ikram
Ikon Allah. To amma Malam, ina ganin hotunan kicin na Turai duk mabul ne, su ba sa yanka lemo?

Baban_Tagwaye
Suna yankawa mana. A Italiya, inda ake haƙo mabul ɗin Carrara tun zamanin Rumawa, an daɗe ana aiki a kansa a kicin, kuma mutanen can da yawa ba sa ɗaukar dishi-dishin a matsayin lalacewa, tsufan dutse ne a wurinsu. Idan kina da irin wannan zuciyar, mabul zai kai jikokinki. Idan kuwa ke mai duba kanta ce ta gefen haske kina neman aibu, kullum sai ranki ya ɓaci. Kuma da yawa daga cikin hotunan da kike gani ba mabul ba ne, kwaz ne da aka yi wa zanen mabul.

Amarya_Sabuwa
Ni kwaz na sa kuma ina jin daɗinsa. Fari ne mai jijiya, duk wanda ya shigo sai ya ce mabul. Ba a shafa masa komai, soso da sabulun ruwa sun isa. Shayi ya zube ya kwana, na share da safe ya fita tas.

Ummu_Sadiq
Amarya, ku biyu ne a gida ai. Bari yara su zo mu ji labari.

Amarya_Sabuwa
Kai Anti, har da gori? Allah ya kawo su dai, sai mu gani.

Injiniya_82
Maganar Ummu Sadiq tana da ƙamshin gaskiya, amma ba yaran ne matsalar kwaz ba, zafi ne. Shi kwaz ba dutse ba ne da aka yanko daga tsauni. Niƙaƙƙen dutse ne, kusan kashi 90 zuwa 93 cikin ɗari, aka haɗa da danƙon roba da launi aka matse a inji. Kamfanin Breton na Italiya ne ya ƙirƙiro hanyar, su Caesarstone da Silestone suka yaɗa shi a duniya. Danƙon nan shi ya toshe duk wata ƙofa, shi ya sa ba ya shan ruwa ko mai. Kuma shi ne rauninsa, domin daga wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyas yake fara lalacewa. Kaskon suya da aka sauke yanzu yana iya wuce digiri 200. A ɗora shi a kai, sai ya bar zagaye ruwan ɗorawa, wani lokaci ma ya tsage. Wannan ƙunar ba ta gyaruwa yadda ya kamata.

Abin tambaya a nan, Hajiya, mutum nawa ke sauke tukunya a kicin ɗinki, kuma cikinsu nawa za su tuna su sa wani abu a ƙarƙashi? Ke za ki tuna. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu da hannunta ke ƙuna ba za ta tsaya nema ba.

Hajiya_Babba
'Ya'yana, ni duk wannan sabon abu ban san shi ba. Kantata ta siminti ce aka shimfiɗa mata tayil, kuma har yanzu tana nan. Guda ɗaya ya taɓa fashewa, aka cire aka sa wani. Zafi bai taɓa yi mata komai ba.

Anti_Zee
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma layukan da ke tsakanin tayil ɗin fa? Nan ne datti ke maƙalewa, sai an bi da tsohon buroshi ana kankarewa. Kuma ba a iya murza ƙulli a kai, duk ya shige cikin layin.

Hajiya_Babba
To ai aikin kenan, 'yar nan. Wa ya ce kicin ba ya son wanki?

Mai_Dutse
Hajiya Babba ta yi gaskiya, tayil yana da ƙarko, Anti Zee ma ta yi gaskiya. Wanda zai yi tayil ya nemi manya, masu santimita 60 ko fiye, layukan su ragu, kuma a cike su da gam ɗin ifoksi maimakon farin siminti. Ifoksi ba ya shan mai. Sai dai yana saurin daskarewa, ba kowane mai sa tayil ke son aiki da shi ba.

Sai kuma in ɗan gyara wa Ummu Sadiq, da girmamawa. Giranit yana jure zafi, haka ne, amma ba duka giranit ne ɗaya ba. Baƙaƙe masu matsattsen jiki kusan ba sa shan komai. Masu haske, farare da ruwan toka, da yawansu suna sha. Na sha zuwa gidan da gefen murhu ya yi duhu saboda mai ya shige cikin dutsen. Gwajin ba wuya: a ɗiga ruwa a kan samfur a bar shi minti 15, a share. Idan wurin ya yi duhu, dutsen yana sha, yana buƙatar a shafa masa man toshewa, kuma a riƙa maimaitawa duk lokacin da ruwa ya daina tsayawa ɗigo-ɗigo a kansa.

Ummu_Sadiq
Nawa baƙi ne mai ɗigon zinariya, wataƙila shi ya sa. Amma zan faɗi aibunsa ɗaya tun da ana gaskiya: baƙi mai sheƙi yana tona asiri. Sawun yatsa, busasshen ruwa, ƙurar fulawa, komai sai ya fito. Mai ɗige-ɗige ruwan toka ya fi ɓoye datti.

Kuku_Mai_Hula
Ku duka kuna zagaye-zagaye. Ku shiga kicin ɗin kowane otal ko gidan abinci a duniya ku ga abin da ke kan tebur. Ƙarfe ne mara tsatsa. Mu da muke girka wa ɗaruruwan mutane ba mu da lokacin lallashin dutse. Zafi ba ya yi masa komai, tsami ba ya cin sa, ba ya shan ruwa, kuma ana iya haɗa shi da sinkin a walda su zama abu ɗaya, babu tsagar da ruwa zai bi. Ki nemi lamba 304, mai kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Akwai 430 mai araha da wasu ke sayarwa da sunan 304. Ki tafi da maganaɗisu, idan ya manne gam a kan shimfiɗaɗɗen wurin to ba 304 ba ne.

Maman_Ikram
Oga Kuku, kicin ɗina ba zai koma kamar ɗakin tiyata ba kuwa?

Kuku_Mai_Hula
Zai ɗan yi kama, ba zan ɓoye miki ba. Kuma yana karcewa tun makon farko. Karcen farko shi ke da zafi a rai, daga baya sai su haɗu su zama fuska ɗaya. In ƙarfen siriri ne yana lotsawa idan abu mai nauyi ya faɗo, yana kuma ƙara, sai an manna shi a kan katako mai kauri. Kada a bar bilic ko gishiri mai laima su kwana a kansa, suna huda shi ƙanana-ƙanana.

Kafinta_Sule
Ni fa ban yarda a yi wa fomeka taron dangi ba. Hajiya, kin ce taki ta kumbura a bakin sinki. Fomekar ba ta kumbura, abin da ke ƙarƙashinta ne. Ita fuskar takardu ne da aka jiƙa da danƙo aka matse da zafi, kamfanin Formica da aka kafa a 1913 shi ya shahara da yin ta, kuma ruwa ba ya ratsa ta. Ƙarƙashin kuwa matsattsen garin katako ne. Idan aka yanka ramin sinki aka bar bakin yankan tsirara, ba a shafe shi da silikon ko fenti ba, ruwa ya samu hanya, sai garin katakon ya sha ya tashi. Laifin wanda ya girka ne. Na ga fomekar da aka yi wa aiki mai kyau ta daɗe ƙwarai. Kuma in kin gaji da launinta, canjawa ba ta karya mutum. Dutse kuwa kin aure shi kenan.

Akwai ma wata irin da babu katako a cikinta sam, duk jikinta matsattsiyar takarda ce da danƙo, kaurinta wajen milimita 12. Ita ko a ruwa aka jiƙa ta ba ta kumbura.

Anti_Zee
Malam Sule yana kare sana'arsa. Tukunya mai zafi fa? Wuƙa fa?

Kafinta_Sule
Tukunya tana ƙona ta, wuƙa tana yanka ta, ban musa ba. Amma wa ya ce a yi yanka a kan kanta? Ko giranit ne, dutsen ba zai ji ba amma wuƙarki za ta dakushe a kwana biyu. Katakon yanka dole ne ko me aka shimfiɗa.

Nas_Hauwa
Ina so in sako wata magana da ba a taɓo ba game da kwaz. Ƙasar Ostireliya ta haramta yin sa da sayar da shi da girka shi daga 1 ga Yuli 2024, ita ce ta farko a duniya. Dalili kuwa cutar silikosis da ta kama masu yanka shi, da yawansu matasa. Ƙurar da ke tashi wajen yanka da gogewa tana shiga can cikin huhu ta yi tabo, kuma tabon ba ya warkewa. Yawan silika, sinadarin da ƙurarsa ke jawo cutar, a cikin kwaz ya fi na giranit nesa ba kusa ba, na mabul kuwa kaɗan ne.

Amarya_Sabuwa
Innalillahi! Anti Nas, kina nufin in cire nawa?

Nas_Hauwa
A'a ƙanwata, kwantar da hankalinki. Wanda aka riga aka girka ba ya fitar da ƙura, ki ci gaba da girkinki. Haɗarin yana wajen yanka, hudawa da gogewa. Cire shi ma, in an farfasa, shi zai ta da ƙurar. Abin da nake roƙo shi ne duk wanda zai saya ya tambayi yadda ake yankawa. A yanka da ruwa, a can wurin aikinsu, ba a busasshe a tsakar gidanki yara suna kallo ba.

Mai_Dutse
Allah ya saka da alheri, Nas. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Yaran da ke aiki a wurina ba mai taɓa inji sai ruwa na zuba a kan faifan, kuma da takunkumi na gaske, ba ƙyalle ba. Giranit ma yana da silika, ba a yi masa yankan busasshe. Masu gida su ma suna da hannu a ciki, domin sau da yawa su ke matsa mana a ƙara ramin famfo ko a rage tsawo nan take a cikin kicin. A gama shawara tun kafin a auna.

Baban_Tagwaye
Babu wanda ya ambaci katako. Na san ba shi ne gwanin ƙarko ba, amma yana da abin da dutse ba shi da shi: kofin gilashi ya faɗi a kansa ya tsira, kuma in ya karce ko ya ƙone, a bi shi da samfefa a shafa mai ya dawo sabo. Mu mun sa shi a teburin tsakiya inda yara ke karyawa, gefen sinki da murhu kuma dutse.

Kafinta_Sule
Haka ake yi. Katako a bakin sinki baƙi yake yi, sai in mutum zai riƙa tsane ruwa kowane lokaci yana shafa mai a kai a kai. Katakon oak ma, a ajiye masa jiƙaƙƙen gwangwani ko tukunyar baƙin ƙarfe, da safe a tarar da baƙin zagaye, saboda ƙarfen yana haɗuwa da wani sinadari da ke cikin itacen.

Injiniya_82
Dabarar Baban Tagwaye ta fi duk abin da aka faɗa zuwa yanzu a ganina. Ba dole ne kanta ta zama abu ɗaya daga bango zuwa bango ba. Wuraren da ke shan wahala biyu ne, gefen wuta da gefen ruwa. Sauran ajiye-ajiye ne kawai.

Akwai kuma sabbin da ake gasawa, irin su Dekton da Neolith, da manyan fale-falen tangaran. Garin ma'adinai ne ake matsewa a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1,200, babu danƙo a ciki. Tukunya ba ta ƙona su, rana ba ta canja musu launi, tsami ba ya cin su, kuma ana samun mai zanen mabul. Matsalarsu baki. Suna da tauri amma ba sa jure duka, gindin tukunya ya bugi gefen sinki sai ya ɓantare. A yawancinsu kuma zanen a fuska kawai yake, in ya ɓantare sai cikin ya fito da wani launi. Ba kowane mai yanka dutse ya iya su ba.

Ummu_Sadiq
Kun ga? Kowanne sai an ce "amma". Giranit dai.

Maman_Ikram
Na dawo. Jiya da dare na jera samfuran nan uku na yi musu gwaji. Kowanne na ɗiga masa ruwa, mai, lemon tsami da shayi, na bar su har safe. Mabul ɗin, wurin lemon ya mutu, in ka shafa da yatsa har kaushi-kaushi yake, man kuma ya bar inuwa. Giranit ɗin mai haske ne, lemo bai yi masa komai ba, amma wurin man ya yi duhu. Kwaz ya fita fes. Sai na ɗora ƙaramin kasko da na sauke daga wuta a kan kwaz ɗin, da na ɗaga akwai ɗan zagaye, ba ya fitowa sosai sai an karkata shi wajen taga. Na karce su da mabuɗi, mabul kaɗai ya ji. Yanzu kaina ya ƙara ɗaurewa tsakanin biyun.

Mai_Dutse
Madalla, Hajiya, kin yi abin da masu saye kaɗan ke yi. Ki ce ya kawo miki giranit mai duhu ki maimaita gwajin man. Shi kuma duhun da man ya bari yana fita: a kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kauri, a shafa, a rufe da leda a bar shi kwana ɗaya, yana zuƙo man.

Kowanne kika ɗauka, ga abin da za ki tsaya a kai ranar aiki, domin yawancin dutsen da na ga ya fashe ba laifin dutsen ba ne. Giranit mai kaurin santimita 3 yana kai kilo 80 a kowace murabba'in mita, dole kabad ya zama daidai a kan ma'aunin ruwa, in wani gefe ya yi ƙasa dutsen yana rataye ne, wata rana yaro ya hau ya ɗauko wani abu a sama sai ki ji ƙas. Siririn wurin da ke gaban sinki da bayansa shi ne mafi rauni, a sa masa tallafi a ƙasa. Kada a yarda mahaɗin fale biyu ya faɗo a kan ramin sinki ko na murhu. Kusurwar ramin a yi ta da lanƙwasa, kusurwa mai kaifi daga nan tsaga ke farawa. Bakin kantar ma a ɗan zagaye shi, ya fi jure bugu, kuma goshin yaro ya fi samun sauƙi. In za a fito da dutsen waje don a zauna a ci abinci, kada ya wuce santimita 25 ba tare da ƙarfen tallafi ba.

Hajiya_Babba
Kuma ki duba tsayin, 'yata. Santimita 90 suke yi wa kowa, dogo da gajere. Ni gajeriya ce, kafaɗata ta sha wahala kafin a rage mini.

Kuku_Mai_Hula
Har yanzu ina nan a kan bakana. Ki sa ƙarfe tsawon hannu ɗaya a gefen murhu, sauran ki sa farin kwaz ɗinki mai jijiya. Kowa ya sauke tukunya a kan ƙarfen.

Anti_Zee
Sai in yaran sun yarda su sauke a inda aka ce.

Uwar_Gida_77
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Kantata tana ƙarƙashin babbar taga, rana na dukanta tun hantsi har la'asar. An ce mini farin kwaz yana komawa ruwan ɗorawa a rana. Gaskiya ne, ko ta bayan gilashi ba komai?

Injiniya_82
Gaskiya ne danƙon ba ya son rana, shi ya sa masu yin sa ba sa ba da garanti in an girka shi a waje. Gilashi yana rage hasken da ke yin ɓarnar amma ba ya tare shi duka. In rana na zama a wurin kullum, ki sa labule, ko ki duba giranit ko gasasshen nan da na ambata. Taga tana kallon gabas ne ko yamma?